Wa Ke Riƙe da Mukullin? Batun Zaɓen Manhajar Aiki Daga Nesa a Kan Linux

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Kwamfutoci da yawa masu sauran ƙarfi a jika ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, musamman sharaɗin nan na guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Wasu ofisoshin sun sayi sababbi, wasu sun kau da kai sun ci gaba da amfani da tsohuwar babbar manhaja, wasu kuma suka ga ba dalilin yar da abin da ke aiki, sai suka ɗora Ubuntu ko Linux Mint.

Wani abokina akanta yana cikin rukuni na uku. Bayan ’yan makonni da sauyin ya aiko mini da tambaya: “Malam, wace manhaja ce ta fi kyau in riƙa shiga kwamfutar ofis daga gida?” Na san amsar da yake so, wato suna ɗaya tak da zai sauke ya huta. Ban ba shi ba, kuma wannan rubutu shi ne dalilina.

Ra’ayina a taƙaice shi ne sunan manhaja ne abu na ƙarshe da ya kamata a zaɓa. Kafin a kai gare shi akwai tambayoyi uku: da wane yare kwamfutocin biyu za su yi magana, ta wace hanya maganar za ta bi, kuma wa ke riƙe da mukullin ƙofar. Wanda ya amsa waɗannan zai tarar manhajar ta zaɓi kanta. Wanda kuwa ya tsallake su, to yana iya miƙa littafin albashin ma’aikata da bayanan abokan hulɗa ga wanda bai taɓa gani ba.

Baƙo da mai masauki

Aiki daga nesa yana buƙatar manhaja biyu. Ɗaya tana zaune a kwamfutar da ake son shiga, tana ɗaukar hoton abin da ke kan allo tana aikawa. Bari mu kira ta mai masauki. Ɗayar tana kan kwamfutar da ke hannunka, tana nuna maka hoton, tana kuma mayar da duk abin da ka danna a madannai ko ka ja da linzami. Ita ce baƙo. Yawancin ruɗanin da mutane ke shiga yana farawa ne daga rashin bambance su. Mutum zai sauke Remmina a kwamfutar ofis yana zaton ya gama, alhali Remmina baƙo ce, zuwa take yi, ba ta karɓar kowa.

Baƙo da mai masauki dole su ji yaren juna, kuma manyan yarukan guda biyu ne. Na farko shi ne VNC, wanda aka ƙirƙira a wani ɗakin bincike na Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila, aka sake shi ga jama’a a 1998. Tsarinsa mai sauƙi ne: yana duba ɓangaren allon da ya canza, ya matse hotonsa, ya aika. Wannan sauƙin ya sa yake aiki kusan a kan kowace irin kwamfuta. Amma yana ɗauke da raunin zamaninsa. A tsarinsa na asali, harafi takwas na farko kawai yake dubawa a kalmar sirri, komai tsawonta, kuma ba ya sakaya abin da yake aikawa, don haka mai laɓe a kan hanya yana iya ganin komai. Sababbin manhajoji irin su TigerVNC sun ƙara hanyoyin sakayawa, sai dai ba kowane baƙo ne ke fahimtar ƙarin kowane mai masauki ba.

Na biyu shi ne RDP, yaren Microsoft, wanda ya fito shi ma a 1998 tare da wani nau’in Windows NT 4.0. Ya fi VNC kayan aiki: yana ɗaukar sauti, yana haɗa firinta da manyan fayil-fayil, yana daidaita girman allo da na baƙo, kuma yana sakaya bayanai. Mutanen Linux sun daɗe da koyon wannan yare. Aikin FreeRDP, wanda ya ɓalle daga tsohuwar manhajar rdesktop a 2009, shi ne ginshiƙin da yawancin baƙin Linux ke tsaye a kai a yau. Remmina da shi take magana da RDP, haka ma KRDC ta ɓangaren KDE. Wannan yana nufin cewa sau da yawa gardamar da ake yi tsakanin waɗannan manhajoji gardamar riga ce kawai, jikin ɗaya ne.

Akwai kuma rukuni na uku, wato manhajojin da ke zuwa da yarensu na kansu, baƙo da mai masauki duk a cikin kunshi ɗaya. TeamViewer da AnyDesk, duka na kamfanonin Jamus, su ne aka fi sani, kuma rufaffu ne, ba mai ganin abin da ke cikinsu sai masu su. RustDesk tana yin irin aikinsu, amma ita buɗaɗɗiya ce. Za mu dawo kansu.

Ƙasar da ke motsi a ƙarƙashin ƙafa

Duk wanda ya nemi shawara a intanet kan wannan batu zai ci karo da tsofaffin bayanai da suka daina aiki, kuma dalilin yana da muhimmanci. Shekaru da dama tsarin da ke zana hoto a allon Linux shi ne X11, wanda aka gada tun shekarun 1980. A ƙarƙashinsa kowace manhaja tana iya kallon dukan allo ta kuma saurari kowane danni na madannai ba tare da neman izini ba. Wannan sakacin ne ya sa rubuta manhajar aiki daga nesa ya zama abu mai sauƙi. Magajinsa, Wayland, ya rufe wannan kafa: manhaja ba ta ganin allo sai ta nemi izini ta hanyar da aka tanada. Fedora ta koma Wayland tun 2016, Ubuntu kuma ta tsaya a kai daga fitowar 21.04.

Sakamakon haka, x11vnc da mutane suka dogara da ita shekara da shekaru ba ta iya nuna allon Wayland. X2Go, wadda ta yi suna wajen jure raunin intanet, ita ma a kan X11 aka gina ta. Manhajojin rukuni na uku kuwa sau da yawa sukan buƙaci wani ya zauna gaban kwamfutar ya danna amincewa kafin allo ya bayyana, abin da ba shi da amfani ga wanda ke son shiga ofis da ƙarfe goma na dare.

Labari mai daɗi shi ne manyan teburorin Linux guda biyu sun ɗauki nauyin da kansu, kuma duka RDP suka zaɓa. GNOME 46, wadda ta fito a Maris na 2024 kuma ita ce ke cikin Ubuntu 24.04, tana ba da damar shiga daga nesa tun daga shafin shigar da kalmar sirri, ko da ba kowa a gaban kwamfutar. KDE Plasma 6.1 ta zo da nata mai masaukin RDP a Yunin shekarar. Idan masu gina gida suka yanke ƙofa a wani gefe, mai hankali ba ya nace wa haura katanga ta ɗaya gefen. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fifita RDP a yau, duk da cewa asalinsa daga Microsoft yake. Mai amfani da Linux Mint, wadda tebur ɗinta na Cinnamon ya daɗe a kan X11, yana iya ɗora xrdp ya sami mai masaukin da ke jin yare ɗaya.

Abu ɗaya da za a kiyaye idan kwamfutar da za a shiga Windows ce: nau’in Home ba ya karɓar baƙo ta RDP, sai Pro ko abin da ya fi shi.

Lissafin data

Masu rubuta sharhin waɗannan manhajoji galibi suna zaune ne inda intanet ba ta yankewa kuma ba a ƙirga ta. Mu namu lissafin daban ne, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025.

Allo mai girman 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu. Hoto ɗaya na irin wannan allo, idan ba a matse shi ba, ya haura megabait 6. Shi ya sa duk waɗannan manhajoji suke matsewa suna kuma aika abin da ya canza kaɗai. Ga ma’aunin da ya kamata mai karatu ya riƙe: haɗin da ke cin megabit ɗaya a kowace daƙiƙa ba tsayawa yana cinye megabait 450 a awa guda, wato gigabait 3.6 a yinin aiki na awa takwas. Mai cike jadawalin lissafi ba zai kai haka ba, domin allonsa ba ya yawan motsi. Mai kallon bidiyo ta cikin haɗin kuwa zai zarce shi nesa ba kusa ba.

Don haka baƙo nagari a wurinmu shi ne wanda ke barin ka rage zurfin launi, ka rage girman allo, ka kashe hoton bango da ’yan rawar da tagogi ke yi, ka kuma adana waɗannan saituna daban ga kowace kwamfuta. Remmina tana yin duk wannan. GNOME Connections, wadda ta gaji Vinagre, ta fi ta tsabtar fuska da sauƙin fahimta, amma an rage mata maɓallai da gangan, kuma waɗanda aka cire ɗin su ne muke bukata. Ga wanda bai ƙirga data ba, ta isa. Ga wanda ke kallon ragowar datarsa kamar mai kallon tukunya a ƙarshen wata, ba ta isa ba.

Hanya da ƙofa

Yanzu mun zo inda haɗarin yake. Mai masaukin RDP yana sauraro a ƙofa mai lamba 3389, na VNC kuma daga 5900. A cikin ofis, inda kwamfutoci ke kan layi ɗaya, ba wata matsala. Daga gida kuwa sai an sami hanyar isa ga ƙofar, kuma shawarar da aka fi bayarwa, wadda ta fi kowace muni, ita ce a buɗe ƙofar ga intanet kai-tsaye. Akwai na’urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa waɗannan lambobi, suna gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. RDP da aka bari a buɗe ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin da masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ke bi su shiga. A Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a RDP na Windows, wadda aka laƙaba wa BlueKeep, da ke barin mai kutse ya shiga ba tare da kalmar sirri ba. Tsananinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daina kula da ita tun 2014. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wanda ya cire ƙyaure da hannunsa bai ma bar wa bango aikin yi ba.

A wurare da yawa ma buɗe ƙofar ba ya yiwuwa. Kamfanonin wayar salula sukan tara dubban masu amfani a bayan adireshin intanet guda, don haka ofishin da ke amfani da na’urar da ake saka wa layin waya ba shi da adireshin kansa da za a nufo daga waje. Wannan ne sirrin farin jinin AnyDesk da TeamViewer. Kwamfutocin biyu kowace tana fita ta je wajen sabar kamfanin, ita kuma ta haɗa su. Idan an yi sa’a su ci gaba da magana kai-tsaye, idan ba a yi ba, duk abin da ke kan allonka ta wajen dillalin zai bi.

Ba na raina wannan sauƙi. Lamba tara ko goma za ka karanta wa mutum ta waya, cikin minti ɗaya yana ganin allonka. Amma dillali yana da farashi uku. Na farko amana. A Fabrairun 2024 AnyDesk ya sanar cewa an kutsa cikin na’urorinsa, har ya soke kalmomin sirrin shafinsa ya kuma sauya takardar shaidar da yake sa wa manhajarsa hannu da ita. A Yunin shekarar TeamViewer ya sanar da kutse a tsarin cikin gida na kamfanin, ya ce bai taɓa ɓangaren abokan ciniki ba. Ba ina cewa waɗannan kamfanoni sun fi wasu sakaci ba ne. Abin lura shi ne duk wanda ya tara mukullan miliyoyin gidaje a aljihu ɗaya, shi ɓarayi za su fi fako. Na biyu lasisi: kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, aikin ofis sai an biya, kuma ba da naira ba. Na uku nisa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu da ke hidimar Afirka ta Yamma sun lalace lokaci guda, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Wanda ke Kaduna yana son shiga kwamfutarsa a Kano, amma sai ya nemi izinin wata na’ura a ƙetare kafin su gaisa, a irin wannan rana yakan gane tsawon hanyar da ya zaɓa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a haƙa rami na sirri tsakanin kwamfutocin, a bar RDP ya bi ta cikinsa. WireGuard, wanda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020, yana yin wannan da ’yan layukan saiti kaɗan. Idan ofis ba shi da adireshin kansa, ƙaramar saba ta haya tana iya zama mahaɗa, kuma mukullanta suna hannunka. Tailscale yana sauƙaƙa aikin ƙwarai, a kan WireGuard ɗin aka gina shi, sai dai shi ma dillali ne wajen gabatar da kwamfutoci ga juna, ko da yake mukullan sakayawa suna zama a kan na’urorinka. Wanda ya iya SSH kuma, Remmina tana da gurbin bi ta cikinsa a saitin kowane haɗi.

Abin da masu adawa za su ce

Za a ce wannan shawarar masana ce, kuma ƙaramin ofis ba shi da ma’aikacin kwamfuta. Akwai gaskiya a ciki. Sabar da aka kafa aka manta da ita shekara biyu ba sabuntawa ta fi dillalin ƙwararru haɗari. Idan ba wanda zai ɗauki nauyin kula da ita, gara a biya lasisi, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma taƙaita waɗanda aka yarda su shigo. Abin da nake ƙi shi ne a faɗa hannun dillali ba tare da an san an faɗa ba.

Za a kuma ce buɗaɗɗiyar manhaja ba ta nufin tsaro. Wannan ma haka yake. A 2019 masu bincike na Check Point sun nuna cewa mugun mai masauki yana iya kai wa baƙo hari ta ɓarakar da ke cikin rdesktop da FreeRDP, a shekarar kuma Kaspersky ya ba da rahoton ɓaraka 37 a manhajojin VNC guda huɗu. Darasi biyu ne a nan: kada ka haɗa baƙonka da kwamfutar da ba ka sani ba, kuma ka sauke manhaja daga rumbun babbar manhajarka domin gyara ya riƙa iso maka tare da sauran sabuntawa. Fa’idar buɗaɗɗiyar manhaja ita ce ana iya dubawa, ana iya gyarawa, kuma ba wanda zai wayi gari ya rufe maka ƙofa don ba ka biya ba.

Amsata ga akanta

Ga abin da na faɗa masa a ƙarshe. Don shiga kwamfutar ofis shi kaɗai, ya kunna mai masaukin RDP da ke cikin Ubuntu, ya sa Remmina a kwamfutar gida, ya bi ta WireGuard. Don taimaka wa wani da ke zaune gaban allonsa, kamar mahaifi da ya kasa buɗe wata takarda, RustDesk ta fi dacewa, kuma tana barin ofis ya kafa sabarsa ta haɗawa maimakon dogara da ta jama’a. Idan ma’aikata sun yi yawa kuma ana son sanin wa ya shiga ina da yaushe, Apache Guacamole tana tara komai a ƙofa ɗaya da ake shiga ta burauza.

Na kuma ba shi gwaji uku kafin ya amince da kowace. Ya kashe wutar ofis ya maido, ya gani ko kwamfutar za ta tashi da kanta, domin akwai saiti a BIOS da ke sa ta kunna kanta idan wuta ta dawo, kuma faifan da aka kulle gaba ɗaya zai tsaya yana jiran kalmar sirri daga wanda ba ya nan. Ya yanke intanet a tsakiyar aiki, ya gani ko zai tarar da takardunsa yadda ya bar su. Sannan ya rubuta ɓ da ɗ da ƙ. RDP galibi matsayin maɓalli yake aikawa, kwamfutar can ce ke fassara shi da nata tsarin madannai, VNC kuwa alamar harafin yake aikawa. Mai rubuta Hausa zai iya tarar da ƙasa ta koma kasa, ko harafin ya ɓace ɗungurungum, kuma gara ya gano haka kafin ranar da takarda ke da gaggawa.

Akwai dalili na ƙarshe da ya wuce fasaha. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, har da sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Ko babu doka ma, lambobin asusun ma’aikata da takardun marasa lafiya da sirrin masu ƙara amana ce a hannun akanta da likita da lauya. Wanda ya ba wa wata manhaja damar ganin allonsa da motsa linzaminsa ya ba ta duk abin da shi kansa yake iya taɓawa. Abokina ya ɓata yammacin Asabar guda yana saiti, ya kira ni sau uku yana mita. Yanzu idan aka tambaye shi wa ke iya shiga kwamfutar ofishinsu, yana da amsa, kuma sunaye biyu ne kawai a cikinta.